Kafin ka sa a haƙa kwami a tsakar gidanku

1/ Zan yi magana a kan kwamin ruwan da ake ta ginawa a cikin gidaje yanzu, na kifi da na wanka. Na san wasu za su ji haushi, har da wanda muke ciki ɗaya, kuma na tabbata zai karanta. Yaya, ka yi haƙuri. Na faɗa maka a gida ka ce boko ke damuna. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Hutun da ya wuce na koma gida Yelwa, na tarar Yaya ya gina kwamin tarwada a filin da Inna take shanya. Tsawo mita 4, faɗi mita 3, zurfi mita 1.2. An shafe shi da shuɗin fenti, har da ɗan ƙwan lantarki a gefe saboda hoton dare. Gaskiya ya yi kyau. Ni ma sai da na ɗauka na ɗora a sitatus.

3/ Kwana tara da zuwana, bayan la'asar, 'yarsa mai shekara biyu da 'yan watanni ta faɗa ciki. Mu huɗu manya muna zaune a tsakar gidan. Ina latsa waya, Inna na tsince shinkafa, matar Yaya na yi wa maƙwabciya kitso. Tsakaninmu da kwamin bai fi taku goma ba. Wallahi ba wanda ya ji ko motsi.

4/ Ƙanwarmu ce ta fito daga kicin za ta zubar da ruwan wanke-wanke, ta ga takalmi ƙafa ɗaya a bakin kwami. Da zaninta da komai ta dira. Yarinya ta yi amai, ta tsala kuka, muka kwashe ta sai asibiti, ta kwana ɗaya. Alhamdulillahi yau tana nan tana ɓarnarta.

5/ 'Yan jaje suka cika gida. "Allah Ya tsare gaba." "Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Amin, amin. Amma a cikin duk waɗanda suka zo, ba wanda ya taka ya je ya dubi kwamin ya ce wa ya gina wannan abu haka. Ni na je na auna. Bangon da ya fito saman ƙasa ko gwiwata bai kai ba.

6/ Kafin wani ya fara min wa'azi: na yi imani da ƙaddara. Amma Yayan nan kwaɗo biyu yake sa wa babur ɗinsa, ya ƙara da sarƙa. Ban taɓa jin ya bar shi a bakin kasuwa da makulli a jiki ya ce abin da zai faru zai faru ba. Babur ana masa shinge, yaro kuma a bar wa tsautsayi?

7/ Abin da nake son ku riƙe shi ne wannan. Haɗarin kwami tun ranar da magini ya zo da igiya da turaku ya shata ƙasa ake gina shi. Ranar da yaro ya faɗa, ko wuta ta ja mutum, ko katanga ta zube, sakamako ne kawai ya fito. Bari na nuna muku yadda kuskure ɗaya ya haifi uku a gidanmu.

8/ Maginin ya ba Yaya shawara a nutsar da kwamin cikin ƙasa. Wai ya fi kyan gani, wai ruwa ya fi sanyi, wai haka ya gani a wani bidiyo. Aka haƙa rami kusan santimita 80, aka bar ɗan guntun bango a sama. Wannan shi ne kuskuren uwa. Sauran duk 'ya'yansa ne.

9/ Ɗa na farko kun riga kun gan shi. Da a saman ƙasa aka tayar da kwamin gaba ɗaya, bangon mita 1.2 shi kansa shinge ne, yaro ɗan shekara biyu ba ya ko leƙa shi sai in an bar masa bulo ko bokiti ya taka. Da aka nutsar, sai ya zama daidai tsayin da yaro zai jingina ciki ya miƙa hannu wai zai taɓa kifi.

10/ Kuma ku sani, kan ƙaramin yaro ya fi na babba nauyi idan aka kwatanta da jikinsa. Yana leƙawa kai ke rinjayarsa. Idan ya nutse ba ya ihu, ba ya dukan ruwa irin na fim. Baki na cikin ruwa, da me zai yi ihun? Shiru ne, kuma mintuna kaɗan ne. Shi ya sa "ai muna nan zaune" ba tsaro ba ne. Mu ma muna zaune.

11/ Ɗa na biyu: fitar da ruwa. Duk mai kiwon tarwada ya san ruwan ba ya daɗewa. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa, ruwa ya yi wari, kifi ya daina ci. Dole a riƙa sauyawa. Kwamin da ke saman ƙasa, a karkata daɓensa kaɗan zuwa kusurwa guda, a sa bututu, ka buɗe daga waje ruwa ya tafi da kansa, dattin ƙasa ya bi shi.

12/ Namu kuwa gindinsa ya fi rariyar gidan zurfi. Ruwa ba ya hawa tudu don yana jin kunyarka. Saboda haka duk sauyin ruwa sai an jefa inji a ciki ya zuƙo. Kuɗin inji, kuɗin mai, kuma ranar da ba wuta ba mai kifi ya kwana cikin ƙazantarsa. An sayi wahalar shekaru saboda kyan hoto na rana ɗaya.

13/ Ɗa na uku shi ya fi ba ni tsoro. Tunda ba a shirya wa inji wuri ba tun farko, sai aka jawo doguwar waya daga soket ɗin ɗakin Yaya, ta bi ta ƙasa, an haɗa ta a wuri biyu da baƙin salatif, mahaɗar ɗaya tana kwance daidai inda ruwa ke malala. Yaron da ke taya shi aiki ba takalmi yake shiga.

14/ Na ce Yaya wannan wayar fa? Ya ce, "Kai dai ka cika tsoro, ai akwai bireka." To ku saurara, don mutane da yawa haka suka ɗauka. Birekar da ke yawancin gidajenmu waya take karewa kada ta yi zafi ta kama da wuta. Sai wuta ta wuce amfiya 16 ko 20 take faɗuwa. Abin da zai tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba.

15/ Wadda ke kare mutum daban take. Masu wayarin suna ce mata ELCB ko RCD, a jikinta za ka ga an rubuta 30mA, tana da ɗan maɓallin gwaji. Da zarar wuta ta zurare ta bi ta ruwa ko ta jikin mutum, kafin ƙiftawar ido ta yanke. Duk injin da zai taɓa ruwa ta cikinta ya kamata ya bi, da wayar atin ta gaske wadda aka binne ƙarfenta a ƙasa, ba ta ado ba.

16/ Ƙa'idar wayarin ta Ingila ta ɗauki mita 2 na farko daga bakin ruwa a matsayin wurin haɗari da ba a son soket a cikinsa. Mu nan soket a jikin bangon kwami ake manna shi, don kada waya ta yi tsada. Soket ya yi nisa, ya hau sama, a cikin akwati mai murfi. Waya ta bi cikin bututu, ba mahaɗa a tsakani. Inji a kan dakali, ƙarƙashin rumfa.

17/ Janareto kuma don Allah a waje, inda iska ke wucewa. Na ga inda aka gina ɗan ɗaki kamar akurki aka cusa inji da janareto da maganin ruwa duka, aka rufe saboda ɓarayi. Gubar da ke cikin hayaƙin janareto ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum ya shiga ya durƙusa gyara, barci ne zai ɗauke shi.

18/ Yanzu lissafi kaɗan, ba zan wahalar da ku ba. Mita 4 sau 3 sau 1.2 ya ba da lita 14,400. Jarka mai lita 25 guda 576 ke nan. A nauyi, tan 14 da ɗoriya. Wannan ne kake ajiyewa a tsakar gida, sau da yawa jingine da katangar maƙwabci don a yi tsimin bulo na gefe ɗaya.

19/ Katangar gida an yi ta ne ta ɗauki nauyin kanta ta tare ido. Ba a yi ta don ruwa ya tura ta daga gefe dare da rana ba. Kuma turin ruwa da zurfi yake ƙaruwa, can ƙasan bango ya fi ƙarfi. Bulo inci 6 ba rodi ba ginshiƙi, filasta shafal-shafal, sai ka ga zane ya fito kamar gashi. Daga nan yoyo, daga yoyo gindin ɗakin wani ya fara jiƙa.

20/ In ɗakin na ƙasa ne, kun san ƙarshen labarin a watan Agusta. Kwami ya tsaya da ƙafarsa, nesa da kowace katanga, yadda mutum zai zagaya shi ta ko'ina ya ga inda yake tsatsa. Bulo inci 9 a cika shi da kankare, ginshiƙi a kusurwoyi, rodi ya ɗaure shi. In kuɗin bai kai ba a rage girma, ko a fara da na tamfol. Ba abin kunya ba ne.

21/ Akwai wani abu da ya shafe mu 'yan bakin kogi musamman. A unguwannin da ke gangare, ruwan ƙasa yana tasowa da damina, duk mai rijiya ya sani. Kwamin da aka nutsar, in ka kwashe ruwansa a irin wannan lokaci, ya zama kamar kwalekwale: ruwan ƙasa na tura shi daga ƙarƙashi, daɓe ya tsage. Maginin da ya koyi aiki a kan tudu ba zai gaya maka wannan ba.

22/ Mu dawo kan ruwan da aka fitar, don nan rashin kunyar take. Ina yake zuwa? A yawancin gidajen da na leƙa, bututu ne aka huda katanga aka saki a lungu. Kai kana ƙirga ribar kifi, maƙwabta suna tsallaken koren ruwa mai ƙarni, tsoho na ɗage riga zai tafi masallaci. Ribar taka ce kai kaɗai, warin na unguwa.

23/ Ba wari kaɗai ba. Ruwan da ya kwanta a lungu, cikin kwana goma ko ƙasa da haka sauro ya gama ƙyanƙyashewa ya tashi. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar. A irin wannan jiha kake buɗe wa sauro gidan haihuwa a ƙofar mutane.

24/ Abin takaicin, ruwan nan taki ne. Mu da muke garin albasa da shinkafa bai kamata a koya mana ba. Ka ja bututun zuwa 'yan kwamin alayyafo, ayaba, ko gwanda a ƙarshen fili. In ba fili, a haƙa masa ramin tsotsewa mai murfin kankare, nesa da rijiya. Tsakanin masai da rijiya mita 30 masana lafiya ke ba da shawara. Ruwan kashin kifi ma kada ka kai shi gindin rijiyar da kuke sha.

25/ In gidanku ba inda ruwan zai je, to gidanku ba gidan kwami ba ne. Na faɗa. Ku zage ni.

26/ Wasu ƙananan abubuwa, a gurguje. Kada a gina ƙarƙashin mangwaro ko dogonyaro, ganye na ruɓewa a ciki, saiwa na bin danshi ta fasa gini. Inuwa a yi ta da rumfa ko raga, a rufe rabi. Sabon siminti kuma yana kashe kifi, sai an jiƙa an zubar an sake na makonni. Yaya ya yi asarar 'ya'yan kifin farko a nan, amma wannan tsakaninsa da aljihunsa ne.

27/ Yanzu masu kwamin wanka, don kada ku ce 'yan kifi kawai na sa a gaba. An fara yayinsa a sababbin gidajen masu hali da wasu masaukan baƙi. Ana kashe kuɗi a tayil da fitila mai canza launi, a bar injin tacewa a matsayin "daga baya". Kwamin wanka ba bahon wanka ba ne. In inji bai juya ruwan ta cikin matacin yashi awoyi da yawa kullum ba, a zafin Maris da Afrilu kwana kaɗan ya zama kore.

28/ Mu da dam ke maƙwabtaka da mu mun san yadda wuta take zuwa da tafiya. In ba ka shirya sola ko wata hanya da za ta riƙe injin ba, abin da ka gina kududdufi ne mai tayil. Na san guda biyu da aka daina shiga, ruwan sama ya taru a ciki, kwaɗi na kuka, ba murfi, yaran masu gadi na wasa a gefe.

29/ Injin ya zauna kusa da kwamin, bututu gajere ba yawan lanƙwasa, daidai da fuskar ruwa ko ƙasa kaɗan don kada ya riƙa zuƙar iska, amma ba a cikin ramin da ruwan sama zai cika ba. Bakin da ke kwashe dattin saman ruwa a sa shi ɓangaren da iska ke tura ƙura. Kulorin da asid kada su kwana wuri ɗaya, in suka haɗu hayaƙinsu guba ne.

30/ Ramin zuƙar ruwa na ƙasan kwami kuma kada ya zama ɗaya tilo ba murfin kirki. Ƙarfin zuƙarsa yana iya manne yaro a ƙasa, babba ya ja ya kasa. A Amurka sai da wata yarinya 'yar shekara 7 ta mutu haka a 2002, jikar wani tsohon sakataren harkokin waje, sannan aka yi dokar murfin a 2007 da sunanta. Mu ba sai mun jira jikar wani babba ba.

31/ Tunda na fita waje, bari na ƙarasa. Faransa ta yi doka a 2003 da ta tilasta wa masu kwamin wanka na cikin ƙasa a gidajensu sa abin kariya. A Ostareliya shinge ya kai mita 1.2, tsakanin sanduna kada ya wuce santimita 10, ƙofa ta rufe kanta ta sa sakata da kanta. Ƙasar da yaransu ke tashi cikin ninƙaya ke nan fa.

32/ Ku lura da "ta rufe kanta". Duk hikimar tana nan. Ƙofar da sai mutum ya tuna ya rufe, wata rana za a manta, ranar da aka kira ka a waya ko tuwo ya fara ƙonewa. Sifirin da sakata a sama inda hannun yaro bai kai ba. Duk mai walda a garin nan zai iya yin ta a wuni ɗaya.

33/ Na san amsar da ke zuwa: "Mu 'yan Yawuri ne, a ruwa aka haife mu." Na ji. Ni ma ina alfahari da Rigata, ina alfahari da Gungawa da Sarkawa da suka san kogin nan kamar tafin hannunsu. Kakata a gungu aka haife ta, kafin a gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya cinye garuruwa, a tashi mutum sama da 40,000.

34/ Amma ita kakar tawa ce ta fi kowa faɗa ranar. Ta ce a gungu ba a taɓa barin mai rarrafe ko mai tatata shi da ruwa ba, ko yana baya a goye ko yana hannun wani da aka ɗora wa alhakinsa. Sun san ruwa, shi ya sa suke tsoronsa. Mu jikokinsu mun gaji alfaharin, mun bar tsoron a gungu.

35/ Kuma mu faɗi gaskiya, yaran cikin gari nawa ne suka iya iyo yanzu? Ko sun iya, ɗan shekara biyu ba ya cikin lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Shawararta: 'yan makaranta a koya musu iyo, ƙanana a raba su da ruwa da shinge.

36/ Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin ruwa ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja, ya nutse kusa da Warrah a Ngaski da mutum sama da 150, 'yan kaɗan suka tsira. Duk mun yi kuka, duk mun yi rubutu a kan lodin da ya wuce kima da rashin rigar ruwa. Mun iya ganin sakaci idan na mai jirgi ne.

37/ Yaron da ya faɗa kwami, ko rijiya marar murfi, ko ramin sokawe da aka haƙa aka bari kuɗi ya yanke, shi ba ya shiga labarai. A yi jana'iza kafin magariba, a ce uwarsa ce ba ta kula. Kullum uwar. Wanda ya shata ramin, da wanda ya biya, da wanda ya ce shinge ɓarnar kuɗi ne, su ake yi wa ta'aziyya a ƙofar gida.

38/ Kada a fahimce ni a karkace, ba na adawa da kwami. Kifin tafki ba kamar da ba, duk masunci zai gaya maka, kuma kiwo ya rufa wa matasa da yawa asiri. Kwamin wanka mai tsabta ma da za a samu a koya wa yara iyo, ya fi su je gaɓar da ake kwasar tsargiya. Ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, a ƙasan tafkin nan namu. Masu ilimin suna kusa, mu ne muka fi yarda da TikTok.

39/ Abu ɗaya da na koya a asibiti ranar, ku riƙe shi. In an ciro yaro daga ruwa kada a juya shi ƙafa sama, kada a tsaya matsa masa ciki wai a fitar da ruwa. In ba ya numfashi, a hura masa iska a baki a danna ƙirji, wani ya nemo abin hawa. Ko ya farfaɗo ya yi wasa, a kai shi a duba shi. Mu ma saura kaɗan mu ce ai ta warke.

40/ Inda muke yanzu: Inna ta sa baki, an yi shingen raga mai tsayin ƙirjina, da ƙofa mai sifirin. Kuɗinsa bai kai na buhunan abincin kifin da ake ci a wata ba. Wayar kuwa har ranar da na dawo makaranta tana nan kwance da salatif ɗinta. Yaya ya ce sai ya sayar da kifin wannan zagayen.

41/ Jiya na kira ƙanwarmu na ce ta ɗauko min hoton wurin. Tana nan. Yaya, saura mako biyar ka kwashe kifi, yaron nan kuma gobe da safe zai sake shiga ba takalmi. Na tambayi kuɗin birekar a kasuwa, zan turo rabi daga kuɗin abincina. Ka ɗaga waya.